Zalika da Tafintan Baƙi

Ranar kasuwar Tanut ce, rana ta take, kowa yana neman inuwa, sai ga wata farar mota ta tsaya daidai rumfar matan ƙauyen Gangara masu man gyaɗa.

Wani saurayi dogo ne ya fara fitowa, sanye da farar riga mai gajeren hannu. Sunansa Haris, ɗan Damagaram. A wani buro yake aiki, wato ofis, wanda aka ɗora wa jawo masu kuɗi daga waje su zuba jari. Tun da aka yi rikicin rufe iyakoki, tsofaffin abokan hulɗa suka tattara nasu-i-nasu suka tafi, ƙasashen Sahel uku suka haɗa kai suka ce za su nemi sababbin abokai da kansu. Shi ya sa Haris ya zama ɗan rakiya kuma tafinta, yau a nan, gobe a can.

Bayansa wani baƙo ya fito, zafi ya mai da fuskarsa ja, yana firfita da hularsa.

Zalika tana durƙushe tana ɗura mai a kwalba. Ita ce shugabar ƙungiyar matan, duk da ƙuruciyarta, don ita ta yi karatun noma ta dawo gida. Ta ɗago ido, idonta ya faɗa cikin na Haris. Shi ya manta da sallamar da ya ɗauko. Ita kuma mai ya cika kwalba ya malalo mata a yatsu ba ta sani ba.

Baƙon ya ɗanɗana ƙuli-ƙuli, ya shinshina man, ya gyaɗa kai. Ya yi dogon bayani da Faransanci. Haris ya gyara murya.

"Ya ce gyaɗarku ta yi masa. Zai sayi duk abin da Gangara ta noma, da ɓawonta, a loda a kai ƙasarsu a matse."

Zalika ta goge hannu da tsumma, ta miƙe tsaye.

"Gaya masa ba ma sayar da ɗanya. In yana son gyaɗarmu, ya kawo injin nan Gangara a matse ta a gabanmu. Matanmu su samu aiki, tunkuza ta zauna mana. In ba haka ba, ya sayi kwalba ɗaya ya tafi da ita tsaraba."

Haris ya juya ga baƙon, ya ce masa matan sun gode, za su yi shawara.

"Malam," in ji Zalika, "ina jin Faransanci. Ba abin da na ce ke nan ba. Kai na ba wa saƙo don aikinka ne. Ka isar da shi yadda yake, kada ka sa masa suga."

Matan rumfar suka kwashe da dariya. Haris ya ji kunya har cikin ƙashinsa, amma wani abu mai daɗi ya biyo bayan kunyar. Ya maimaita maganarta kalma bayan kalma, har da tsarabar. Baƙon ya ɗaga kafaɗa, ya koma mota.

Haris bai bi shi nan take ba. Ya sayi kwalba, ya tsaya yana jujjuya ta.

"Ko zan samu lambarki? Saboda aiki."

"Saboda aiki kawai?"

"Yau dai saboda aiki."

Ta kau da kai tana ɓoye murmushi, ta faɗa masa.

Washegari da hantsi saƙonsa ya shigo.

"Barka da hantsi, 'yar Damargu. Innata ta yi miya da manki, ta ce in tambayi mai shi ko hannunta ne ke da albarka ko ƙasar."

Ta daɗe tana kallon saƙon kafin ta amsa.

"A gai da Inna. Ƙasar ce. Hannun kuwa faɗa ya iya, ka gani da idonka, Mushe Tafinta." Mushe ɗin na Faransanci take nufi, wato Malam.

"Na gani. Tun jiya nake fata a sake yi mini."

Daga nan magana ta ƙi ƙarewa. Ta gane ba baƙi yake bauta wa ba, tsoro yake ji kada Damargu, yankin su Tanut da Gangara, ta zauna babu mai leƙo ta. Shi kuma ya gane faɗanta ba na raini ba ne. Ya fara kiranta Zali, wani lokaci sanyin idona. Ita ta ƙi sauya masa suna, sai dai Mushe Tafinta ya koma Tafintana.

Ran da ya fara zuwa Gangara, ta kai shi bayan gari. Wani gini ne tsaye ba rufi, awaki suna kwance a ciki, ciyawa ta fasa siminti.

"Ka ga wannan? Gonar Babana ce, wadda ta fi kowace albarka. Wasu masu proje, irin ƙungiyoyin taimakon nan na waje, suka roƙe shi, suka ce za su kafa mana injin matse mai. Ya ba su da zuciya ɗaya. Da manyansu suka ɓata da namu a Yamai, sai muka wayi gari sun tafi. Ko sallama. Ba gona, ba inji."

Haris ya dafa bangon.

"Shi ya sa nake da tsauri," in ji ta a hankali. "Ba don ina ƙin baƙo ba."

"Zali, in Allah ya yarda za a rufa ginin nan."

"Kada ka yi alkawari. Mun ƙoshi da shi."

Da damina ta yi nisa, Haris ya turo kawunsa Mahmudu neman izini wurin Malam Mato, mahaifin Zalika. Malam Mato ya karɓe shi da fura mai sanyi, ya saurare shi har ya gama.

"Malam Mahmudu, ban san yaronku da wani mugun hali ba. Amma mai yawo da baƙi a farar mota, na san irinsu. Ran da iska ta juya, shi ma zai juya. Na ba da gona na yi kuka. Ba zan ba da 'ya in yi na biyu ba."

Da kawun ya tafi, Zalika ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ku yi mini afuwa, amma Haris ba shi ya zuba simintin nan ba."

"Na sani. Ni ba zan yi miki dole a kan kowa ba, Zalika. Amma wannan, bakina ba zai ce na ba shi ba."

"To zan jira, Baba. Ba zan saɓa muku ba, kuma ba zan so wani ba."

Malam Mato ya dube ta, ya ga taurin kansa ne a fuskarta, ya tashi ya shiga ɗaki.

A lokacin ne Abdurrazak ya ƙara ƙaimi. Babban dillalin gyaɗa ne a Tanut, da kaka yake bin ƙauyuka ya kwashe ta da arha. Ya daɗe yana son Zalika, ita kuma gaisuwa kawai ke tsakaninsu. Wata ranar la'asar ya zo zance, ya zauna a kan tabarma yana wasa da makullin motarsa.

"Zalika, kina wahalar da kanki da kwalabe. An riga an gama magana. Baƙon nan da kika kora, ni ya naɗa wakilinsa. Gyaɗar bana duk ta hannuna za ta bi, ɗanya."

"Wa ya gama maganar? Mu ba mu sani ba."

"Tambayi tafintanki."

Ya miƙa mata wayarsa. Hoto ne a wani buro a Damagaram. Ga baƙon, ga Abdurrazak suna musafaha, ga Haris tsaye a tsakaninsu.

Zalika ta ƙura wa hoton ido. Ba ta bari ya ga hawayenta ba. Ta miƙa masa wayar.

"Na gani. Amma ka sani, ko da shi ko ba shi, buhu ɗaya na ƙungiyarmu ba zai hau motarka ba. Sai an jima."

Tana shiga gida ta rubuta wa Haris saƙo.

"Na nuna maka ciwon gidanmu, ka je ka tsaya a hoto da masu son ƙara mana wani. Ashe Baba ya fi ni gani. Kada ka sake kirana."

Ta toshe lambarsa. Ta shiga aikin kaka kamar mai faɗa da ƙasa, ba ta ci sosai, ba ta dariya. Gwaggonta Habiba, ƙanwar mahaifinta, tana kallonta tana girgiza kai.

Ana tsakiyar cirar gyaɗa, wata safiya wani ɗan kabu-kabu ya sauke mutum a bakin gonar Malam Mato. Haris ne, ya rame, rigarsa duk ƙasa. Ya yi sallama, aka amsa a daƙile. Ya wuce cikin gonar. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga kunyoyin gyaɗa yana cira tare da su Malam Mato. Kafin azahar tafin hannunsa ya yi ƙurji ya fashe, bai tsaya ba.

Da aka zauna hutu ƙarƙashin gawo, Malam Mato ya dube shi.

"Ina farar motar?"

"An karɓe, Baba. Har da aikin, an ce in zauna gida sai an neme ni."

"Me ka yi?"

"An kira ni fassara, na fassara, aka ɗauki hoto. Bayan nan aka ce in bi ƙauyuka in gaya wa manoma ƙungiyar matan Gangara ta amince, don kowa ya biyo baya. Na ce ba ta amince ba, kuma ba zan faɗa ba. Shugabana ya ce a wannan zamanin da kowa ke gudunmu, wanda ya zo ba a gindaya masa sharaɗi. Na ce in mun kori masu kwasar ɗanye don mu kawo wasu masu kwasar ɗanye, me muka yi ke nan?"

Zalika tana bayan bishiyar da ƙwaryar fura a hannu. Ta ji komai. Ta zagayo, ta ajiye ƙwaryar a gaban mahaifinta, idonta a ƙasa.

Malam Mato ya sha, ya miƙa wa Haris ludayin. Sannan ya tashi ya ba Haris da Zalika wuri, ya koma can gefe inda yake hango su.

"Me ya hana ka gaya mini?" in ji Zalika.

"Kin toshe ni, Zali."

"Da ka zo tun ranar."

"Na ji tsoron in zo miki da baki kawai. Kin ce kun ƙoshi da alkawari."

Ta dubi hannuwansa, hawaye ya zubo mata.

"Ka yafe mini, Tafintana. Na yanke maka hukunci da hoto."

"Ni ma da na ga hoton nan da na toshe kaina."

Ta yi dariya cikin kuka. Sai ya gaya mata abin da ya kawo shi bayan neman afuwa. Za a yi babban taron masu zuba jari na ƙasashen uku a Yamai. Shi yanzu ba shi da damar shiga, matan ƙungiya ma ba a gayyace su ba.

"To sai me?" in ji Zalika. "Yamai ta wani ce shi kaɗai? Za mu je."

Malam Mato ya yarda, da sharaɗin Gwaggo Habiba ta raka ta. Suka hau motar Damagaram, daga can suka kama doguwar hanyar Yamai da jarkokin mai da buhun wake, don Gwaggo ta rantse ba za ta ci abincin birni ba.

A ƙofar zauren taron masu gadi suka tare su. Ba gayyata, ba shiga. Haris ya yi magiya, ba a saurare shi ba. Daga bakin direbobi suka ji cewa ciki ma kujeru da yawa ba kowa, don ƙasashe da dama sun gargaɗi mutanensu kada su zo.

Zalika ta dubi ƙofar, ta dubi wata bishiyar dalbejiya a tsallaken titi.

"Gwaggo, ina kaskonki?"

Suka shimfiɗa tabarma, suka jera kwalabe, aka kai wake niƙa. Kafin a fito sallar azahar, ƙamshin ƙosai a sabon man gyaɗa ya cika titin. Masu manyan riguna da masu kwat suka fara tsallakowa ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo tana suya, Haris yana bayani, Zalika tana amsa tambaya.

Cikinsu akwai wata dattijuwa mai farin gilashi. Ta ɗaga kwalba ta duba a rana, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Madam Fadimata ce, haifaffiyar Mali, ta daɗe a ƙetaren teku inda ita da abokan kasuwancinta suke da masana'antar mai.

"An hana ni zuwa," ta ce da Faransanci. "Na ce ƙasar kakannina ce, ba wanda zai ba ni labarinta a talabijin. Tun safe nake jin jawabi, sai yanzu na ga kaya. Me kuke so?"

Zalika ta amsa mata da kanta.

"Inji a Gangara. Akwai ginin da wasu suka bari a can, ƙasar ta koma hannun mahaifina, haya za ku yi, ba saye ba. Matan ƙungiya suna da kaso a ciki. Kuma in gobe manya sun sake ɓatawa kuka tafi, injin ya zauna."

"Sharuɗɗanki da tsauri, yarinya. Ba kya tsoron in juya?"

"In kin juya, Madam, gobe ma za mu matse da hannu kamar jiya. Mun taɓa yin sauƙi, mun ga abin da ya haifa."

Madam Fadimata ta cire gilashinta, ta daɗe tana kallonta.

"Na ƙarshen nan sai na yi faɗa da abokaina a kansa. Amma zan zo in ga wurin."

A hanyar komawa, Haris yana kujerar gaba, su suna baya. Wayar Zalika ta yi ƙara.

"Sanyin idona, yau da kika tsaya gaban matar nan, na ji kamar in tsayar da motocin Yamai duka in ce ku zo ku ga wadda nake so."

"Ka yi a hankali, Gwaggo tana leƙen wayata. Ta ce in gaya maka ka iya talla, amma ba ka iya cin ƙosai da yaji ba."

Madam Fadimata ta cika alkawari, ta zo Gangara lokacin sanyi. Malam Mato ya ce shi zai yi magana da ita, kuma Haris ne zai fassara. Suka tsaya cikin ginin da ba rufi.

"Tambaye ta, in ta tashi tafiya za ta yi mini sallama?"

Haris ya faɗa mata. Ta dubi ciyawar da ta fasa siminti.

"Gaya wa Baba ba zan rantse ba zan taɓa tafiya ba, don duniya tana juyawa. Amma abin da na kafa a nan ba zai bi ni ba. Abokaina sun yarda. A gaban maigari da perfe mai mulkin Tanut za mu ƙulla."

Malam Mato ya gyaɗa kai. "Wannan ta fi waɗancan. Su rantsuwa suka yi."

Kafin zafi ya shigo aka rufa ginin, aka kafa faranti masu jan hasken rana, inji ya iso. Baƙon Abdurrazak kuwa, da wata sabuwar taƙaddama ta tashi tsakanin manya, ya hau jirgi ya daina ɗaukar waya. Abdurrazak ya zauna da sito cike da gyaɗa. Da ya sauke girman kai ya zo, Zalika ta sa aka saya a farashin kasuwa, ba ta goranta masa ba.

Buro ya aiko Haris ya koma bakin aiki. Ya gode musu, ya ce ya samu wani, shi zai kula da fitar da man Gangara zuwa kasuwannin ƙasashen uku.

Malam Mato ya sa aka kira shi zaure.

"In na ba ka ita, ina za ka ajiye ta?"

"Nan Gangara, Baba. Maigari ya ba ni fili, na fara buga tubali."

"Mahaifiyarka ta yarda?"

"Ta ce in ban kawo mata Zalika suruka ba, kada in sake cin miyarta."

Tsohon ya yi ƙoƙarin haɗe dariya, ta ƙi.

"Je ka turo mini Malam Mahmudu. Ka ce masa furar wancan karon ba ta ƙare ba."

Ranar ɗaurin aure Gangara ta cika. Dangin Haris suka zo daga Damagaram da alkaki cikin manyan fantekoki. Makiyayan Tenhiya da Belbeji, abokan Malam Mato na shekaru, suka iso a kan raƙuma da cuku da man shanu. Matan ƙungiya suka yi anko, suka hana kowa taɓa tukunya sai su. Da liman ya shafa fatiha, guɗa ta tashi daga cikin gida har tantabaru suka watse daga kan rumbu.

Da la'asar, kafin a kai amarya, aka kawo su gaban Malam Mato. Zalika tana lulluɓe, Gwaggo Habiba tana riƙe da ita. Haris ya durƙusa gefe.

Tsohon ya dube su duka biyun. Ya fara da ango.

"Haris, ga Zalika nan. Tun tana rarrafe ba ta san tsoro ba, ni da na haife ta ban taɓa kayar da ita a gardama ba. Kai ma kada ka gwada, za ka sha wuya a banza."

Zaure ya ɗauki dariya. Ƙarƙashin lulluɓi kafaɗun Zalika suna rawa, ba a san ko dariya take ko kuka ba.

"Ke kuma, wannan yaron ya zaɓi gaskiya ran da ta fi tsada. Ki riƙe shi da kyau." Ya ɗora hannu a kanta, ɗayan a kafaɗar Haris. "Allah ya sa albarka a tsakaninku. Ya ba ku zuri'a masu tsayuwa da ƙafafunsu. Ya raba ku da sunkuyar da kai ga kowa sai gare Shi. Ku tashi ku je, na yafe muku duniya da lahira."

"Amin!" in ji zaure gaba ɗaya.

Zalika ta kama hannun mahaifinta da hannu biyu ta ƙi saki, tana kuka a fili. Sai da Gwaggo Habiba ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, sannan mata suka ɗauki waƙa, aka fita da amarya.